Gadon Dillali

Zuwa ga 'yata, 'Yar Makulli,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jaririyar da ba mu gani ba tukuna. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta dama da ke min tsiya in na daɗe a tsaye, ita ma ba ta hana ni zuwa aiki ba. Ummanki da sauƙi, ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan. Allah ya jiƙan Yaya, mahaifinki, ya ba mu haƙurin rashinsa.

Na san an faɗa miki komai ta waya, amma ni magana mai nauyi ba na yin ta a waya. Kada kuma ki dami kanki don ba ki samu zuwa ba. Mai jaririya 'yar kwana tara ba ta tafiyar kwana biyu. Da Yaya yana raye, shi da kansa zai fara hana ki.

Kin nemi a gaya miki yadda ya ƙare. A bakin aiki ya ƙare. Ranar an wuni ana ruwa, kin kuma san halin mahaifinki: lokacin da kowa ke gudu gida, shi lokacin yake hawa babur ya je duba gidajen da aka ba shi ya nemo musu 'yan haya, don ya ga inda rufi ke yoyo da inda ruwa ke kwanciya a tsakar gida. Ya dawo ofis jiƙe, ya cire takalmi, ya ce wa telan da ke kusa da shi ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin a isa asibiti ya cika.

Jama'ar da ta zo gaisuwa ta ba ni mamaki, ni da na ɗauka na san mutane. Rabinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Wani ya riƙe hannuna yana ba ni labarin yadda Yaya ya hana shi gidan da ya ƙwallafa rai a kansa, saboda bene ne kuma uwarsa na ciwon ƙafa. Wata ta ce sai da ya kai ta ta zauna a wani gida da yamma, lokacin da maƙwabta suka dawo daga aiki, ta ji hayaniyarsu da kunnenta, sannan ya yarda ta kama. Kowa da irin nasa. Duk sun yarda a kan abu guda: in ya buɗe maka ƙofa, aibin gidan yake fara nuna maka.

Ba zan ɓoye miki ba, tun yana raye na sha gaya masa wannan ba hanyar arziki ba ce. Shekara talatin da huɗu yana sa mutane a gida, shi ya mutu a gidan haya. Gida tara kuka zauna, uku daga ciki ba tashinku aka yi ba, wani ne ya zo masa a matse, ya duba bai ga wanda ya dace da shi ba sai naku, ya ce wa Ummanki ta ɗaure kaya. Ni da na fara da injin walda na aro, ban wuce aji uku na sakandare ba, yau mutum goma sha tara ke cin abinci a masana'antata, kuma ba wanda ya ɗora ni. In na faɗa masa haka sai ya yi dariya ya ce Injiniya, haka yake kirana, ya fara wa'azi. Kakanki da mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma ni da Yaya ba mu ɗauko hali ɗaya ba.

Na rufe ofishin. Makullan mutane da ke rataye a bango, waɗanda kike bin sa kina riƙe masa tun ba ki kai tsawon tebur ba, ina bi ina mayar wa masu su da kaina. Gadon kuwa na riga na ɗauke shi ya dawo wurina, don tun asali nawa ne, shi ma ya san da haka. Kada ki sa wannan a ranki.

Ki shafa min kan yarinyar.

Baffanki.

*

Baffa,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na gode. Muna lafiya. Jaririya tana ta ƙiba, ni ma na koma aiki a ɗakin magani, rabin wuni. Allah ya ba ka sauƙin gwiwa.

Na karanta abin da ka rubuta a kan Baba sau uku, ina kuka ina dariya. Gida na bakwai ne na fi tunawa, mai bishiyar lemo, wanda ya ba wa malamin nan mai 'ya'ya shida. Umma ta yi kwana biyu ba ta kula shi ba, shi kuwa yana ta bin ta da labarin yadda sabon gidan yake da iska.

Sai na zo layin ƙarshe.

Baffa, ka yafe min in na yi rashin kunya, ba haka aka rene ni ba. Amma ban gane yadda gadon Baba ya zama naka tun asali ba. Ni ban san ya bar wani abin kirki ba, kai da kanka ka ce a gidan haya ya mutu. Ɗan abin da ya bari, Umma tana nan, ƙannena biyu suna makaranta. Ko kana da rabo, ai zama ake yi a duba, ba a ɗauka kafin mutane su share hawaye. Kai da Allah ya rufa wa asiri, me za ka yi da shi? Ban ɗaga wa Umma maganar ba, don ba na so in ƙara mata wani ciwon. Na dai gaya wa maigidana ya fara nema mana gida mai ɗaki uku. In haka zaman zai kasance, gara in ɗauko ta ta dawo wurina gaba ɗaya.

Ina jiran bayaninka.

'Yarka.

*

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya da iyali. Mu ma lafiya, sai ɗan mura da ya zagaye gidan ya wuce.

Yau sati tara da na aiko maka takarda, ba amsa. Na san dalili, kuma kunya ta ishe ni.

Ranar Lahadi na kasa haƙuri na kira Umma. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na tambaye ta ko gaskiya ne ka kwashe gadon Baba, ina nufin dukiyar da ya bari. Ta ce wace dukiya, babur ɗin da ke jingine a zaure ko teburin ofis? Na ɗauko takardarka na karanta mata layin. Sai na ji tana dariya, karo na farko tun rasuwar.

Ta ce, "Ke da karatunki. Gadon kwanciya fa ya ɗauka, na ƙarfen nan."

A baki ba mai haɗa kalmomin nan biyu, amma a takarda harafi huɗu ne iri ɗaya, ni kuma da baƙin ciki na karanta. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, na kuma rubuta shi da hannuna. Ka yafe min, Baffa. Na ce wa maigidana ya bar neman gidan.

Amma akwai abin da ya rage, kuma ba zan iya haɗiye shi ba. Da dariyar ta ƙare na tambaye ta to ita a ina take kwana. Ta ce a ƙasa, a kan katifa. Ta ce ka aiko mata da sabon gado na katako, mai madubi a kai, ta gode, yana falo a jingine ba a ɗaura shi ba. Na ce me ya sa ba ta ce maka ka dawo da nata ba? Ta ce ka shigo da mutum biyu da mota, ka ce za ka ɗauki kayanka, ita kuma ba ta iya jayayya da ƙanin miji a kan gado a gaban baƙi.

Shekara talatin da ɗaya suna kansa. Ban san abin da ke tsakaninka da gadon nan ba. Na dai san Umma tana da ciwon baya, kuma ba za ta taɓa buɗe baki ta roƙe ka ba.

'Yarka.

*

'Yar Makulli,

Wa alaikumus salam. Takardunki biyu sun iso. Muna lafiya, gwiwa ta yi sauƙi. Allah ya raba ku da mura.

Tun karatun farko na gane kuskurenki. Layi ɗaya ya isa in gyara miki, na ƙi. Na ce in har 'yar Yaya za ta iya zaton ni, ni da ban taɓa cin kwabon wani ba, zan zauna in ci na marayu, to ta zauna da zatonta. Na sa takardar a aljihun tebur na kulle. Wannan ba daidai ba ne, na sani. Ke kin yi kuskuren karatu, ni kuwa da gangan na yi nawa. Na yafe miki, magana ta wuce.

Ga labarin gadon, tunda kin tambaya.

Shi ne gado na farko da na ƙera a rayuwata, ina da shekara ashirin da biyu, a wata rumfa a bakin titi. Wani mai shago ne ya sa ni. Da ya zo ɗauka muka ajiye shi a kan siminti, sai ga shi yana rawa. Ƙafar baya ta hagu ta gaza sauran da kusan yatsa biyu. Na yi awo da igiya ne, don ba ni da tef. Mutumin ya tara min jama'a, ya ce wannan ko akuya ba za a ɗaure a jikinsa ba, ya tafi. Ina tsaye kamar in nutse sai ga mahaifinki a kan keke, lokacin saura wata ɗaya aurensa. Ya zagaya gadon, ya zauna a kai, ya yi rawa da shi, ya ce shi dai yana so. Na ce ya bari in gyara ƙafar tukuna. Ya ce a'a, sauri yake. Ya sa aka ɗora a kurar tura kaya, ya bi bayanta, duk wanda suka gamu da shi sai ya gaya masa ƙaninsa ne ya ƙera.

Tun daga ranar, sau nawa na ce ya kawo in gyara, ko in ba shi sabo? Ba adadi. Kullum sai ya ce gobe. Duk gidan da kuka koma, in na zo, sai ya ja ni ɗaki ya nuna min shi, yana cewa aikin Injiniya na nan daram. Ni a wurina tsokana ce. Mutum ya yi ƙofofin ƙarfe na manyan gine-gine, ana nuna aikinsa da yatsa, amma akwai ɗaki ɗaya a duniya da ake ajiye da shaidar ranar da aka yi masa dariya. Da ya rasu, mata suna shiga suna fita ɗakin Ummanki, na ga ɗaya ta zauna gadon ya karkata, ta tambayi wane ne ya yi wannan aiki. Ban iya barci ba sai da na ɗauke shi.

Ban san a ƙasa take kwana ba. Ta ce min ta gode da sabon, na ɗauka an ɗaura.

Ki kwantar da hankalinki. Gadon yana nan, kuma na gyara shi da hannuna, ban bar wa ma'aikata ba. Na ƙara ƙafar, na goge waldar har ba ki iya gane wurin, na yi masa fenti ruwan toka. Yanzu ko gilashin ruwa kika ɗora a kai ba zai motsa ba. Fentin na bushewa zan mayar mata. Za ta ga abin da ya kamata a ce sun samu tun farko.

Baffanki.

*

Baffa,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. A gurguje nake rubutu, don direban da zai kawo maka wannan yana jira a ƙofa.

Na ji daɗin takardarka har na kira Umma in yi mata albishir. Ban samu abin da na zata ba. Da na ce ka gyara ƙafar, sai ta ce in sake faɗa.

Ga abin da ta gaya min, ban taɓa sani ba. Akwai guntun katako da Baba ya yanka tun makon aurensu, ana tura shi ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Duk gidan da muka koma, gadon ake fara shigarwa kafin komai. In gadon ya zauna daidai da katakon, Baba ya san daɓen ɗakin daidai yake. In ya zauna ba katako, sai ya ce daɓen ya karkace, ya je ya sami mai gidan. Wai daga nan ya koyi zuba ruwa a ƙasa in ya je duba gida, ya ga inda zai gangara. Yakan ce mata rabin sana'arsa a wurin Injiniya ya koya, Injiniya bai sani ba.

Katakon bai cika wurin sosai ba. In Baba ya tashi da asuba sai gadon ya yi ɗan ƙara sau ɗaya, da haka take sanin gari ya waye. In tana shara kuma sai ta tura katakon da ƙafa ya koma wurinsa.

Ta ce, "Har yanzu in na zo wurin ina shara, ƙafata sai ta miƙa da kanta. Katakon yana cikin akwatina. Ki ce masa na gode, ya bar gadon a wurinsa, ai ya zama sabo."

Ba da fushi ta faɗa ba, kuma ba ta san zan rubuta maka ba. Ba na jin Baba tsokanarka yake yi, Baffa. Amma kai ka san shi kafin ni.

Ban san abin da za a yi ba. Na dai ga bai kamata in ɓoye maka ba.

'Yarka.

*

'Yar Makulli,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu lafiya, sai dai gwiwar ta dawo, kuma wannan karon ni na jawo wa kaina, za ki ji dalili.

Takardarki ta kwana huɗu a aljihuna. Rana ta biyar na je gidan Ummanki ni kaɗai, ba mota ba kowa. Muka gaisa, ta kawo ruwa, muka yi maganar tsadar gas da makarantar ƙannenki. Sai da na ga zan tashi ban faɗi abin da ya kawo ni ba, sannan na ce ta ara min katakon. Ta dube ni ta ce me Injiniya zai yi da guntun katako, shi da ke da masana'anta guda? Na ce awo zan ɗauka. Ta shiga ta ɗauko shi naɗe a ɗankwali. Ya yi baƙi, ya yi sumul kamar sabulu, gefe ɗaya ya lotsa inda ƙafarta ke bugu.

Da na koma na sa aka fito da gadon tsakiyar masana'anta, na ɗauki injin yanka. Babban ma'aikacina, wanda ya shekara goma sha biyu tare da ni, ya matso a hankali ya tambaye ni ko lafiya. Na ce ya riƙe min ƙafar kawai. A gabansu duka na yanke abin da na ƙara. Ni da ke korar mutum in ya kuskure awo da kaurin farce. Na san abin da za su tattauna a wurin cin abinci.

Muka kai shi ranar Asabar, aka ɗaura, na tura katakon. Ya zauna cif. Ummanki ta zauna a gefen da Yaya ke kwana, ta tashi, ta sake zama, ta sake tashi. Ta ce bai yi ba, na cika iya aiki, ba ya yin ƙarar nan. Na sallami mutanena, na aika aka kawo min zarton guga, na durƙusa a ɗakin nan ina gugar ƙafar gado. In na goga sai ta zauna ta tashi, ta ce saura kaɗan. Kusan awa guda muna haka, tana yi min tsiya wai ashe ɓata aiki ma sai an koya. A karo na shida ta tashi, gadon ya ce ƙwas.

Ta tsaya ba ta juyo ba. Ni ma na ci gaba da kallon ƙasa, ina tattara garin ƙarfe da hannu. Can ta ce fentin dai ta yafe min, don ruwan toka ba ya nuna datti.

A hanyar gida na yi ta tunanin ranar kurar nan. Cikin makon ne mutum uku suka kawo min aiki rumfata, duk a titin da Yaya ya bi da gadon suke. Shagon da na fara kamawa kuma shi ya samo min, ya tsaya min a wurin mai shi lokacin da ba wanda ya san sunana. Ban manta ba, ban dai saba faɗa ba ne. Na rubuta miki a takardata ta farko cewa ba wanda ya ɗora ni. Ki ja layi a kan wannan.

Ummanki ta ce ba inda za ta, gidan ya yi mata, daɓensa daidai yake. Sabon gadon mai madubi an ɗaura shi a ɗaya ɗakin, ta ce naku ne ke da yarinyar. Maigidanki ya ce min kina da hutu ƙarshen wata mai zuwa. Zan turo mota har tasha, kada ki tsaya neman ta haya da jaririya a hannu.

In kin shiga ɗakin Ummanki, kada ki faɗa gefen hagu da ƙarfi. In kuma wata ta sake zama ta tambayi wane ne ya yi wannan aiki, ku gaya mata ni ne.

Baffanki.